Tankin da ke bayan ɗakin Goggo

Shekarar da na gama kwalejin ilimi ban samu aikin koyarwa ba, sai na zauna ina taya yayana aiki a shagonsa. Ƙaramin shagon ɗab'i ne a jikin gidanmu a Gusau, ƙofarsa na kallon titi, bayansa na jingine da ɗakunan cikin gida. Katin aure muke bugawa, da kalandar biki, da takardun jarrabawa na ƙananan makarantu, da rigunan 'yan firamare. Aikina duba rubutu kafin a buga. Ina son aikin, don yana ba ni damar zama shiru. Nakan karanta sunan ango da amarya in tsaya ina tunanin irin kallon da za su yi wa juna, har sai Yaya ya buga tebur ya ce, "Malama, kin tafi ke nan? Dawo, masu kati na hanya."

A shekarar ne ya sayo injuna biyu na hannu daga Kano, ɗaya na ninke takarda, ɗaya na manna zane a jikin riga. Dukansu ba sa motsi sai da matsattsiyar iska. Dole ke nan a nemo injin iska, irin wanda ke tura iska cikin tanki ya tara ta, sannan a ja ta cikin bututu zuwa inda ake so.

Akwai wani dattijo mai fara'a da ke yi mana gyara, Malam kawai muke ce masa. Shi Yaya ya kira shawara. Ya zauna a kan benci yana tambaya: nawa kowane inji ke sha, tare za su yi aiki ko ɗaya bayan ɗaya, janareto zai iya ɗaukar nauyin ko ba zai iya ba. Ra'ayinsa a sayi sabo madaidaici, mai ƙaramin tanki, wanda ba ya yawan ƙara. Yaya kuwa hankalinsa na kan wuta. Wutar unguwarmu takan zo ba sallama ta tafi ba ban kwana, shi kuma yana son babban tanki wanda zai cika lokacin da take nan, ya ci gaba da ɗiba bayan an ɗauke, kamar yadda Inna ke cika randa duk ranar da famfo ya zo. Sai aka ba shi labarin wani mai faci a Bungudu da zai tashi daga sana'a, yana neman mai sayen nasa.

Na roƙa aka tafi da ni, don na daɗe ban fita gari ba. Damina ce, gero da dawa sun rufe gefen hanya, kore shar har inda ido ya tsaya. Da ina ƙarama irin wannan koren ke sa ni waƙa a mota. Yanzu kuwa kowa a motar kallon gonakin yake ta wutsiyar ido, yana auna tsawon karan da abin da zai iya ɓoyewa a cikinsa, har muka isa.

Tankin na kwance a gindin bishiya kamar saniyar da ta ƙoshi, jan fentinsa ya koɗe, mai ya yi masa baƙi a wuya. Malam ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da sifana, yana kasa kunne. Ya durƙusa ya murɗa ɗan famfon da ke ƙasa, wani ruwa mai launin tsatsa ya tsiyayo. Ya ce tankin na da sauran rai, amma makunnin da ke kashe injin da kansa idan iska ta cika ya gaji, a canza shi.

Mai facin ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, makunnin nan ya girme ka, kuma bai taɓa kwana asibiti ba."

"To ai irinsu ne ke faɗuwa lokaci guda," in ji Malam.

Aka yi dariya, aka ɗora tanki a akori-kura, muka dawo.

Malam ya so a kafa shi a tsakar gida a yi masa rumfa. Yaya ya ce ruwan sama, ga kuma masu tsallake katanga. Akwai wani ɗan sito tsakanin shago da cikin gida, sai aka ce a sa shi can. Ɗakin da ke bayan bangon siton ba kowa a ciki a lokacin, tsofaffin takardu ne kawai a jibge. Malam bai ja maganar ba. Ya ƙi yarda da bututun roba na ruwa da Yaya ya kawo, ya ce in ya fashe tsinke-tsinke yake yi, aka sayo na ƙarfe. Ya ɗan karkata bututun don ruwan da iska ke tarawa ya gangara baya, ya sa wani ɗan kofi mai tace ruwa da mai kafin iskar ta kai ga takarda, don kada katin mutane ya fito da tabo. Ya ce kullum da yamma a buɗe famfon ƙasa a zubar. Ya nuna mini agogon da ke jikin tankin, ya ɗiga jan fenti a inda bai kamata allurar ta wuce ba.

Daga ƙarshe ya nuna mana wani ɗan bawul na tagulla a saman tankin, mai zobe a kansa. Ya sa yatsa ya ja zoben. Ƙarar da ta fito ta sa na saki kofin da ke hannuna. Tau! sannan wani dogon huci.

"Wannan shi ne bakinsa," in ji shi. "In makunni ya yi barci, iska ta yi yawa, ta nan zai amayar. Ku taɓa komai, ban da wannan."

Aiki ya kankama. Injin ninki na lashe takardu yana ajiye su a jere, ni kuma nakan tsaya ina mamakin yadda abin da ba a gani yake ɗaga ƙarfe. Ba a canza makunnin ba. Yaya ya ce sai wani zai shiga Kano. Yawanci makunnin yakan kashe injin lafiya lau, amma wani lokaci yakan maƙale, sai bawul ya buga, Yaya ya ruga ya kashe daga bango. Mun saba har mun daina ɗaga kai.

Ana cikin haka Goggo ta zo. Yayar mahaifinmu ce, ita ta rage mana a ɗakinsu tun da Baba ya rasu. Ƙauyenta na can bayan Tsafe, wajen 'Yandoto. Masu babura sun shiga musu da rana tsaka, ta kwana biyu a cikin gona, daga baya wani ɗan'uwa ya kawo mana ita da ƙullin kaya ɗaya. Ba ta ba mu labari ba, mu ma ba mu tambaya ba. Matar da na sani mai dariya har da buga cinya, mai kawo mana ƙuli-ƙuli da man shanu a kwalba, ta koma tana magana kamar mai gudun tada jariri. Aka share ɗakin takardu aka sa mata gado. Tun da ta shiga gidan ba ta ko leƙa zaure ba.

Ranar da ta fara jin bawul ina tsakar gida ina tsince shinkafa, tana zaune kusa da ni a tabarma. Ƙarar na fita sai na ga ba ta a wurin. Ban ga tashinta ba. A bayan randa na same ta, ta dunƙule, hannuwanta a ka, leɓunanta na motsi ba sauti. Zaninta ya jiƙe. Na juya fuska don kada ta san na gani.

Inna ta yi mata bayani, ni ma na yi. Ta ce ta gane, inji ne, ba komai. Amma jikinta bai gane ba. Duk lokacin da abin ya buga sai ta zube a inda take. Ta daina cin abincin rana. Idan an kawo wuta, yaran unguwa na ihun murna, ita sai ta fara rawar ɗari.

Yaya mutum ne mai tausayi, Goggo kuma ita ta goya shi. Wata safiya na shiga sito ɗauko takarda na tarar da shi a kan kujera, ya yanko robar tsohon tif ɗin taya yana naɗe bawul ɗin, ya danne kansa, ya bi da waya ya ɗaure tamau.

Na ce, "Yaya, ba nan ne Malam ya ce kada a taɓa ba?"

"Malam ya ga Goggo a bayan randa?" Bai dube ni ba. "Na kwana biyu ne, kafin makunni ya iso. Ni zan riƙa kallon agogo, in ya kai ja in kashe da hannuna. Ke dai je ki duba katinki, jiya kin bar wa amarya harafi ɗaya a sunan ubanta."

Na ɗauki takardata na fita, don ni ma na gaji da ganinta a ƙasa. Gidan ya samu lafiya. Goggo ta koma cin tuwo, har ta fara yi wa Inna tsiya a kan miya, wai mutanen birni ba su san daddawa ba sai dunƙulen kanti. Ni ce dai na rasa sukuni. Idan injin ya tashi sai in ji kamar a ƙirjina yake tura iskar. Nakan ajiye biro in je in leƙa agogo, in dawo, in sake komawa. Gadon Goggo na manne da wancan bangon, matashinta daidai inda tankin yake.

Ranar da abin ya faru, tun da safe babu wuta. Yaya ya gama aikin da iskar da ta rage, ya ɗaure takardun jarrabawa zai kai wa wata makaranta a Tsafe. Inna ta tafi suna a maƙwabta. Mu a nan idan wuta ta ɗauke ba ma tuna abin da muka bari a kunne, sai ta dawo ta tuna mana. Yaya ya fita bai kashe makunnin bango ba.

Bayan azahar aka kawo wuta. Fanka ta juya, injin ya tashi da kansa. Na ji shi, kuma na san ya kamata in tashi, amma ina tsakiyar wani kati mai adon furanni, na ce bari in ƙarasa layin nan. Daga layin na tafi wani wuri. Ban san iya tsawon tafiyar ba. Abin da ya dawo da ni shi ne muryar injin ta sauya. Ta yi nauyi, tana ja da ƙyar kamar mai hawa tudu da kaya a ka, bel ɗin da ke juya shi na wani siririn kuka.

Na je bakin ƙofar sito. Zafi ya bugi fuskata, da ƙaurin mai. Allurar ta wuce jan ɗigon, ta yi nisa da shi, tana karkarwa. Robar da ke kan bawul ta kumbura.

Makunnin bango na can ciki, sai an raɓa jikin tankin kafin a kai gare shi. Taku kaɗan ne. Na umarci ƙafata ta ɗaga, ta ƙi. Na tuna ruwan tsatsar da ya tsiyayo a Bungudu, na ce a raina wannan ƙarfen ta ciki yake cinyewa, ba wanda ya san kaurin da ya rage masa.

Allah ne ya tuna mini da ƙarfen canji da ke zaure, wanda ake ja idan za a koma janareto. Na ruga na kama shi da hannu biyu na ja ƙasa. Komai ya mutu. A cikin shirun ina jin tankin na ƙas, ƙas, kamar kwanon rufi idan rana ta dake shi. Injin ya tsaya, amma iskar na nan ciki, ba ta da ƙofar fita.

Na shiga ɗakin Goggo. Tana kishingiɗe, kanta a jikin bangon, carbi ya sulale daga hannunta. Na so in tashe ta a hankali in ce ta zo tsakar gida mu sha iska. Amma muryata ta ƙi fita daidai.

"Goggo, tashi. Tashi mu fita."

Ta buɗe ido ta kalli fuskata. Ban san abin da ta gani ba, amma na ga lokacin da ta gan shi.

"Sun zo?" ta ce da raɗa.

"Ba kowa, Goggo, wallahi ba kowa, inji ne, zo mu..."

Ba ta ji sauran ba. Ta zame ƙasa ta shige ƙarƙashin gado da saurin da ban taɓa zaton tsohuwa na da shi ba, ta matsa can ƙurya ta manna bayanta da bangon. Na durƙusa na kamo ƙafarta, ta fizge.

"Shigo, ɗiyata," tana cewa. "Shigo ki yi shiru. Kada ki hita, waje suka kama mutane."

Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da Baba. Ta ƙanƙame ƙafar gado. Duk jan da na yi sai ta ƙara shigewa. Na ɗora tafina a bangon, ɗumi gare shi.

Na kira wayar Yaya, ba ta shiga. Na kira Malam, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na tsaya a tsakar gida ina juyi, ga rana, ga kaji na tono abinsu kamar ba abin da ke faruwa. Sai na tuna tiyon da Yaya ke hure ƙurar takarda da shi daga cikin injuna, mai ɗan maƙalli a baki. Yana cikin shago, kuma daga tankin iskarsa ke zuwa.

Kafin a shiga shago daga cikin gida sai an wuce ta ƙofar sito. Na rufe ido na wuce ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na ɗauki tiyon, na juya bakinsa ƙasa, na matsa.

Ihun da ya yi ya cika shagon. Tiyon ya nemi ƙwacewa, na danne shi da gwiwa. Katunan da ke kan tebur suka tashi sama, farare da masu ruwan zinariya, suna yawo a kaina suna faɗowa. Na san Goggo na jin wannan ƙarar, na san abin da take yi mata, ban saki ba. Ƙarfen bakin ya yi sanyi har yatsuna suka mutu. Daga inda nake ba na ganin agogo, don haka na riƙe kawai, ina kuka, ina jiran ko dai hucin ya ƙare ko bango ya zo. A hankali ihun ya koma huci, hucin ya koma numfashi, har ya zama ba abin da ke fita.

Na koma ɗakin na kwanta a ƙasa kusa da gado. Na miƙa hannu cikin duhun, bayan wani lokaci ta kama.

"Sun tahi?"

"Sun tafi, Goggo."

A haka Inna ta dawo ta same mu.

Yaya ya iso kafin magariba. Ya ga katuna a warwatse, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai na nuna masa sito. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya zauna a bakin ƙofa, ya rufe fuska da hularsa.

Washegari Malam ya zo. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya yanke wayar, ya warware robar, ya riƙe ta a hannu yana kallo. A tsakar gida suka tsaya da Yaya, Malam ya ce ya taɓa ganin wurin da irin wannan tankin ya fashe, ya faɗi abin da ya yi wa bangon bulo da abin da ya yi wa wanda ke kusa. A hankali yake magana, amma tagar Goggo a buɗe take.

A ranar aka fitar da tankin zuwa ƙarshen tsakar gida, aka yi masa rumfar kwano. Malam ya sa sabon makunni da sabon bawul, ya ce tsohon ba abin yarda ba ne kuma, tankin ma a fara neman wani. Yanzu idan ya cika sai ya tsaya da kansa, ya yi ɗan tsaki kawai.

Na ɗauka magana ta ƙare. Da safe na kai wa Goggo kunu na tarar ta ƙulle kayanta. Ta ce a kira mata Yaya.

"Don ni ka ɗaure bakin abin ga?"

Ya sunkuyar da kai. "An gyara, Goggo. Ba zai sake ba."

"Na ji an gyara. Ni ce ba a gyara ba." Ta gyara zaman ƙullin a cinyarta. "Jiya ka ɗaure wanga, gobe ban san mi za ka ɗaure ba. Yarinyar ga ta kusa mutuwa tana jan ƙahwata. Ku kai ni Karakkai wurin ɗiyata."

Inna ta ce Karakkai ai ƙauye ne, ita da ta gudo daga ƙauye. Yaya ya ce zai sayar da injunan gaba ɗaya, ya koma buga kati da hannu. Ta harare shi, irin hararar da take yi masa yana yaro.

"Ka sai da abincinka don tsohuwa ta yi barcin rana? Tashi ka nemo min mota, sakarai."

Mun yi kwanaki muna lallashi, ba ta sauya ba. Ni na raka ta tasha. Wannan ne karon farko da ta taka titi tun zuwanta, ta riƙe gefen hijabina kamar ƙaramar yarinya, duk babur da ya wuce sai riƙon ya ƙara ƙarfi. Na sama mata wuri a tsakiya, nesa da taga, kusa da wata mata mai goyo. Na roƙi matar ta kula da ita har Bungudu, inda surukin Goggo zai tarye ta.

Da motar ta tashi ban koma gida ba. Na zauna a kan wani benci a tashar, waya a hannuna, ina bin hanyar a zuciyata: yanzu sun fita gari, yanzu sun shiga gonaki. Mai sayar da ruwa ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya. Sai bayan la'asar 'yar Goggo ta kira, muryarta na yankewa, ta ce sun iso, Goggo na alwala.

Tana can har yanzu. Wayar garin ba kullum take shiga ba. Idan an kwana biyu ban same su ba nakan kasa karanta ko layi ɗaya, in zauna da kati a gabana ina sake kira.